Yadda Baba Ya Karɓi Gaisuwar Mutuwarsa

Ɗan baffana ne ya fara shigo da kyamarar bidiyo ƙauyenmu. Ƙauyen yana bakin tur'a, babbar magudanar da ke kawo ruwa daga madatsar Makwar zuwa gonakin auduga. Ya yi shekaru yana aiki a wani shagon hoto a Sinja, da ya dawo gida sai ya dawo da ita a jakar makaranta, naɗe cikin tsohon rawani. Daga ranar sunansa na yanka ya ɓace. Kowa Mai Kyamara yake ce masa, har uwar da ta haife shi.

Biki da suna yake ɗauka. A lokacin kaset-kaset na finafinan Hausa suna iso mana daga yamma ta hannun 'yan kasuwa, mukan taru a gidan duk wanda ke da talabijin mu kalla. Tsofaffi suna jin daɗi, amma kullum da ƙorafi: Hausar mutanen ta cika sauri, kuma duk finafinan ba a taɓa ganin wanda ya tsinci auduga ko ya ci kisra, siririyar gurasarmu ta dawa, ba. Samari kuwa rabin maganar ke wuce su, don bakinsu ya fi sabawa da Larabci.

Ni ina koyarwa a firamaren 'yan mata, ban yi aure ba tukuna, ina gidanmu. Wata rana da la'asar ina duba littattafan ɗalibai a rumfa sai ga Mai Kyamara. Ya gaida Baba da Inna, ya zauna, ya ce, "Malama, fim za mu yi. Namu na kanmu. Ke za ki rubuta."

Na ce, "Fim ɗin me?"

Ya ce, "Na kakanmu. Yadda ya taho da ƙafa."

Labarin kakanmu duk gidan an san shi. Yana saurayi ya baro ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar aikin hajji. Ya iso Makwar ana tsakiyar ginin madatsa, ya tsaya ɗaukar dutse don ya sami guzuri, ya ce bayan damina zai wuce. Damina ta wuce, ya yi aure, ya sami hawasha, wato gonar ban ruwa, ya haifi Baba da 'yan'uwansa. Har ya rasu bai ga Makka ba.

Na rubuta labarin cikin kwana goma, da haruffan Larabci, don a cikinmu babu wanda ya koyi rubuta Hausa da boko. Da na gama muka zauna neman wanda zai fito a matsayin Kaka. Niyyarmu mu sa wani dogon tela ya yi ƙuruciyarsa, Baba ya yi tsufansa. Baba yana kishingiɗe yana jinmu. Ya tashi zaune ya ce, "Telan ga ya taɓa ganin ubana?"

Mai Kyamara ya ce, "A'a, Baffa."

"To yaya za shi san tafiyarshi? Ni za ni yi duka."

Na ce, "Baba, Kaka yana da shekara ashirin lokacin da ya taso."

Ya ce, "Ni ma na taɓa yin ashirin."

Baba a lokacin ya doshi saba'in, gemunsa fari fat. Ba mu iya musu da shi ba. Sai Inna ta kankaro baƙin tanda da take gasa kisra a kai, ta kwaɓa da man riɗi, aka shafe masa gemu da gira. Da safe yakan fito saurayi sosai. Kafin hantsi ya ɗaga, gumi ya wanko baƙin ya gangaro wuyan riga, ya koma ɗan shekara arba'in. Wajen azahar ya dawo shekarunsa na gaskiya. Dole muka riƙa ɗaukar ƙuruciyar Kaka da sanyin safiya kawai.

Abin da har yau yake ba ni mamaki shi ne ba mu roƙi kowa komai ba. Mutane da kansu suka riƙa zuwa. Mai injin niƙa ya ce mu kawo batir ya riƙa cika mana da janaretarsa. Telan da aka hana fitowa bai yi fushi ba, shi ya ɗinka wa Baba 'yar shara irin ta mutanen da. Matan unguwa suka raba kwanakin girki a tsakaninsu, kullum da rana sai ga tire da kisra da miyar kuɓewa ya iso duk inda muke. Ladan ya ara mana makirufon masallaci, da sharaɗin a mayar kafin kowane kiran salla. Ni nake riƙe shi, ɗaure a kan doguwar gora, ina tsaye a gefe. Sau da yawa Kaka yana tsakiyar ban kwana da mahaifiyarsa a Sakkwato sai mu hango ladan ya taho yana nuna rana da yatsa, dole a kwance makirufo.

Tafiyar da Kaka ya yi ta wata da watanni, mu a bayan gidanmu muka yi ta, a wani fili da aka bari bai sha noma ba shekarar. Baba ya ratsa filin daga hagu zuwa dama da sanda da gora, Mai Kyamara ya ce Borno ke nan. Ya sake ratsawa ta gefen bishiyar aduwa, aka ce Wadai. Ya sake, aka ce Darfur. Jakin maƙwabcinmu yana kiwo a filin kuma ya ƙi koruwa, don haka a kowace ƙasa Kaka ya shiga sai ya tarar jakin ya riga shi. Wata matsalar kuma, Baba ba ya iya ganin mutum ya wuce bai gaishe shi ba. Yana tsakiyar hamada, ƙishirwa ta kusa kashe shi, sai ya hango mai gadin ruwa a kan keke, ya ɗaga sanda ya ƙwala masa kira da Larabci yana tambayar yaushe za a buɗe wa hawasharsa ruwa.

A haka muka lallaɓa har muka iso ƙarshen labari, wurin rasuwar Kaka. Nan Inna ta tubure.

Ta ce, "Malam, mutum da ranshi da lafiyarshi ya kwanta a ce ya mutu? Ba da ni ba."

Baba ya ce, "Ba ni za ni mutu ba, ubana ne."

Ta ce, "Ubanka ya riga ya yi tashi. Wadda za a yi yanzu ta wa ce?"

Aka kai magana gaban liman. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce shi bai taɓa cin karo da wannan mas'ala ba, amma ga abin da ya gani: kada a yi salla, kada a haƙa rami, kada a sa likkafani. In an kiyaye waɗannan, sauran wasa ne. Inna ta ce ta ji, amma ranar ba za ta yi mana girki ba, kuma ba ta yi ba.

Yadda Baba ya ba mu labari, Kaka ya rasu ne a gindin wata bagaruwa a bakin tur'a, yana fuskantar gabas, bayan ya yi wa 'ya'yansa wasiyya. Na rubuta wasiyyar layi huɗu. Ranar Talata da hantsi muka shimfiɗa tabarma a gindin bagaruwar, Baba ya kwanta, aka jera samari uku a matsayin 'ya'yansa. Mai Kyamara ya ce a fara.

Baba ya faɗi layi huɗun nan daidai. Maimakon ya rufe ido sai ya ci gaba. Ya yi wasiyya a kan zumunci, ya yi a kan salla, ya gangaro kan masu barin awakinsu suna shiga gonar mutane, har ya ambaci sunan mutum biyu da suke tsaye a cikin 'yan kallo. Mai Kyamara ya ce, "Baffa, a nan za ka cika."

Ya ce, "Ban gama ba."

Aka sake. A karo na biyu ya cika lafiya, sai ƙuda ya sauka masa a hanci, ya kai masa mari. A na uku ya buɗe ido ɗaya ya tambaya ko ya yi kyau. A na huɗu ɗaya daga cikin 'ya'yan ya fashe da kuka da Larabci, Baba ya tashi zaune ya ce ubansa bai haifi Balarabe ba, a yi kukan da Hausa. Yaron ya ce shi bai san yadda ake kuka da Hausa ba. Sai da aka kira wata tsohuwa daga cikin 'yan kallo ta koya masa. A na shida ladan ya zo karɓar makirufo. Bayan azahar muka dawo, sai a karo na tara Baba ya mutu mutuwar da Mai Kyamara ya yarda da ita, kuma daga baya muka gane barci ne ya ɗauke shi.

Saura ɗaukar gawa. Aka kawo angarib, gadon igiya irin wanda ake ɗaukar mamaci a kai a wajenmu, aka kwantar da Baba, aka lulluɓe shi da bargo mai ruwan ƙasa don kada ya yi kama da likkafani. Mutum shida muka tanada su ɗauka daga bagaruwa zuwa bayan makaranta. Abin da ba mu yi tunani ba shi ne, a ƙauyenmu ba a ganin gawa ta wuce a ci gaba da zama. Masu shago suka rufe suka bi. Masu dawowa daga gona suka ajiye fartanya suka bi. Wasu sun san wasa ne, wasu ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma suka ji kunyar tsayawa. Kafin a kai bayan makaranta rabin garin yana biye, ana ta karɓa-karɓar ƙafar gado ana salati. Mai Kyamara yana gudu da baya yana ɗauka, hawayen murna na zubo masa.

A daidai nan wata lori mai zuwa Hasahisa da lodin albasa ta tsaya don ba gawa hanya. Direban ya leƙo ya tambayi wani dattijo wa ya rasu. Dattijon kurma-kurma ne, shi ma daga baya ya shigo sahu, ya tambayi na gabansa wa ke kan gadon, aka faɗa masa, ya faɗa wa direba. Direba ya ɗaga hannu ya yi fatiha ya ja motarsa. Mu ba mu san an yi haka ba. Aka sauke Baba a bayan makaranta, ya yaye bargo, ya ce tunda yake bai taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba.

A Hasahisa yayar Baba take aure. Goggo muke ce mata. Ta girme shi da shekara biyar, ita ta goye shi, kuma duk duniya ita kaɗai yake jin tsoro.

Washegari da hantsi Baba yana zaune a rumfa yana shan jabana, gahawarmu mai citta, ni ina shirin tafiya makaranta, sai muka ji kuka daga bakin hanya. Lori ce cike da mata, da buhun sukari, da rago ɗaure a baya. Goggo ce a gaba. Ta shigo gidan mayafinta na jan ƙasa, tana kiran sunan Baba tana cewa ɗan'uwana ka tafi ka bar ni. Ta rungume Inna. Inna kuwa sai nuna mata rumfa take da hannu. Goggo ta juya.

Baba yana riƙe da ɗan finjali a hannu. Ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Wa ya rasu?"

Goggo ta zauna a ƙasa daɓas. Matan da ke bayanta biyu suka zura da gudu, ɗaya ta bar takalmi. Aka yayyafa wa Goggo ruwa, na durƙusa na yi mata bayani tun daga farko, Mai Kyamara da aka kira ya ƙara nasa. Ta saurara har muka gama. Sannan ta miƙe ta je gaban Baba ta ce, "Ka mutu ba ka aiko mini ba, sai a bakin mai albasa na ji. Ka tashi kuma ba ka aiko mini ba. Ni mi ce ce a wurinka?"

Baba ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, abin ne ya zo da gaggawa."

Kafin a gama lallashinta wata motar ta iso daga wajen Sinja, don Goggo kafin ta taso sai da ta sa aka buga waya ko'ina. Bayan azahar wasu suka iso daga ƙauyukan kudu, har da mutanen Damazin da suka kwana a hanya. Inna ta ce baƙo baƙo ne, ko me ya kawo shi, ba za a bar mutane a rana ba. Aka kafa rumfar zaman makoki a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka yanka ragon Goggo. Al'adarmu in ka zo gaisuwar mutuwa, kafin ka ce komai sai ka tsaya gaban mai gidan ka ɗaga hannu ku yi fatiha tare. Mai gida kuwa Baba ne. Mutum zai shigo idonsa a ƙasa, ya ɗaga hannu, Baba ya miƙe ya ɗaga nasa, su shafa, sai mutumin ya ɗago kai. Wani ya yi salati ya ja da baya, wani ya fashe da dariya, wani dattijo kuwa da ya zo daga nesa ya riƙe hannun Baba ya ce masa Allah ya jiƙansa, ya ba shi haƙurin rashin, ya je ya zauna ya sha shayi. Sai da ya kai ƙoƙo na biyu ya dawo ya sake duba shi.

Kwana uku aka yi. Baba ya ji daɗin kwanakin nan ƙwarai. Yana lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba, kuma akwai wani amininsa na Makwar da bai zo ba, wanda Baba bai sake yi masa magana ba sai bayan shekara guda.

A rana ta biyu, bayan la'asar, Goggo ta ce a nuna mata abin da ya jawo mata wannan wahala. Mai Kyamara ya haɗa kyamara da talabijin a ɗakin Inna. Ta kalli tafiyar, ta ga jaki. Da aka zo inda Baba ya tsufa, ya sa tsohuwar rigar Kaka da ke ajiye a akwati, yana tafiya a bakin tur'a hannu ɗaya a bayansa, sai na ga ta kama bakin mayafi ta toshe baki. Ta ce a hankali, "Shi ne. Wallahi shi ne." Wannan kukan ba irin na jiya ba ne, ba shi da sauti.

Da aka zo wurin bagaruwa sai ta share ido ta gyara zama. Ta ce, "Wannan kuma mi ne ne?"

Baba ya ce, "Rasuwar Baba ce."

Ta ce, "Ƙarya kake. Kana ina lokacin? Kana Hasahisa wajen masaƙa kana neman aiki. Ni ke wurin. A ɗaki ya cika, a zaune, da ƙwaryar kunu a hannu. Kuma ba wata wasiyya da ya yi."

Na ce, "Goggo, bai ce komai ba?"

Ta ce, "Ya ce. Ya tambaye ni ko an buɗe ruwa. Na ce an buɗe. Ya ce to madalla, in an cire audugar bana sai mu wuce. Na ce mu wuce ina, Baba? Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta, ya ce, gabas mana. Shi ke nan."

Baba ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi shekara arba'in yana ba da labarin bagaruwa, har ya manta inda ya samo shi. Goggo ta ce ita ba ruwanta, ba za a kashe mata uba a waje kamar marar gata ba, a sake. Ta ce ba za ta koma Hasahisa ba sai ta ga an yi daidai. Daga ranar ta ƙwace aikin daga hannun Mai Kyamara. Ita ke cewa a fara, ita ke cewa a tsaya, shi nasa riƙe kyamara kawai.

Don gudun abin da ya faru, wannan karon muka ba kowane direba saƙo ya kai ƙauyuka: Baba zai sake mutuwa ranar Alhamis da hantsi, wasa ne, kada kowa ya zo. Ranar Alhamis mutanen da suka zo sun fi na zaman makoki yawa. Suka cika tsakar gida, suka hau katanga, wasu suka leƙo ta taga har ɗakin ya yi duhu, sai da aka roƙe su su matsa. Goggo da kanta ta fito a matsayin kanta, tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu tana 'yar shekara talatin da biyar, ba wanda ya isa ya ce a shafa mata baƙin tanda. Ta miƙa wa Baba ƙwaryar kunu. Ya tambaya ko an buɗe ruwa. Sau ɗaya aka ɗauka. Da Goggo ta ce a tsaya, babu wanda ya yi motsi a tsakar gidan, sai wata mata da ta ce daga kan katanga, "Haka nawa uban ma ya riƙa cewa."

Mun nuna fim ɗin bayan wata biyu, da rana tsaka, a rumbun ajiyar auduga da ya zama fanko bayan an kwashe kaya. Mata suka ba da mayafansu aka toshe tagogi. Talabijin biyu aka haɗa, ɗaya wajen maza ɗaya wajen mata, kuma na matan ya fi haske, don haka a wajensu Kaka ya fi jini a jika. Zafi kamar tanda, amma ba wanda ya fita. Duk inda jaki ya bayyana sai a yi tafi, mai jakin ya miƙe ya ɗaga hannu. In Baba ya faɗi wata tsohuwar kalma da samari ba su sani ba, sai ka ji tsofaffi daga ko'ina suna fassara musu, kowa da tasa fassarar.

Ba a watse ba sai da mutanen ƙauyuka uku suka tare Mai Kyamara a bakin ƙofa. Kowa yana da kaka, kuma kakan kowa da ƙafa ya zo. Haka abin ya fara. Kyamara ta riƙa yawo a gaban lori daga ƙauye zuwa ƙauye, duk inda ta sauka mutanen wurin su ciyar da masu aiki, su nemo makirufo, su ba da tsofaffin riguna. Mai Kyamara ya koya wa mutum biyar riƙe ta, biyu mata ne. Ni kuma duk hutun makaranta ina ɗakin wata tsohuwa ina rubuta abin da ta tuna, kuma na koyi tambayar mata kafin maza. Mukan haɗu farkon kowane wata a rumfarmu mu kalli abin da kowa ya ɗauko. An taɓa kiran taro don a raɗa wa ƙungiyar suna, aka yi yini guda ana gardama ko da Hausa za a sa ko da Larabci, aka tashi ba suna. Har yau ba ta da shi.

Bayan kamar shekara biyu wasu matasa a Sinja suka ji labarinmu suka gayyace mu mu nuna fim ɗin Kaka a wani zaure, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Yawancin 'yan kallon ba sa jin Hausa, sai wani mutum da ya ce ya yi zama da Hausawa ya karɓi lasifika zai riƙa fassarawa. Ashe Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da cinikin albasa ba. Da ya ga Baba yana ratsa fili da sanda, sai ya ce wa jama'a wannan dattijo jakinsa ne ya ɓace yake nema. Da jaki ya bayyana a Borno ya ce ga shi can amma bai gan shi ba. A Wadai jama'a suka fara yi wa Baba ihu suna nuna masa jakin. A Darfur zauren ya kaure, wani har ya taso ya taɓa gilashin talabijin da yatsa.

Baba yana zaune a sahun gaba cikin sabuwar jallabiya. Ya jure har Darfur. Daga nan ya miƙe ya karɓe lasifikar daga hannun mutumin, ya ce wa Mai Kyamara ya tsayar. Ya fara ba da labarin da Larabcinsa na gona, tun daga Sakkwato. In ya ga dama ya ce a ci gaba, a yi minti biyu, ya ce a tsaya. Fim ɗin da bai kai awa ɗaya ba sai da ya kai mu gab da magariba, da hutun sallar la'asar a tsakiya.

Da aka gama wani tsoho Balarabe mai sandar ƙarfe ya taso daga baya ya zo gaban Baba. Ya ce shi ma mahaifinsa ya ɗauki dutse a Makwar, daga arewa ya zo, kuma yakan ba su labarin mutanen yamma da suka yi aiki tare, masu waƙa in suna ɗaga kaya. Ya ce su ba su da kowa da ya rubuta musu komai. Ya tambaya ko kyamarar tana zuwa ƙauyen da ba na Hausawa ba.

Muka dubi juna ni da Mai Kyamara, don ba mu taɓa tunanin wannan ba. Baba bai jira mu ba, ya ce tana zuwa, amma su tanadi abincin mutum bakwai da wurin cika batir.

Bayan sati uku muka je. Ƙauyen yana ƙetaren kogi, sai da muka shiga kwalekwale, Mai Kyamara ya rungume jakarsa yana ta addu'a har muka sauka. Tsohon ya tara 'ya'yansa da jikoki, ya ce shi zai fito a matsayin mahaifinsa tun daga ƙuruciya. 'Ya'yan suka dube mu suna jiran mu hana shi. Mai Kyamara ya duba sama ya ga inda rana take, ya ce in haka ne gobe sai a fito da wuri, ya tambayi matan gidan ko suna da man riɗi.